Cin Kaca a Filin Besbol: Ina Iyakar Murnar Mai Goyon Baya?

Daren Juma'a, 24 ga Oktoba 2025, mutanen birnin Toronto a ƙasar Kanada ba su yi barci da wuri ba. Ƙungiyarsu ta wasan besbol mai suna Blue Jays, wadda rabonta da kaiwa wasannin ƙarshe na cin kofi tun 1993, ta karɓi baƙuncin Dodgers ta birnin Los Angeles, masu riƙe da kofin, ta kuwa yi musu cin kaca, 11 da 4. Tara daga cikin makin nan a jere suka zubo, kafin baƙin su san inda kansu yake. Mutum fiye da 40,000 suka miƙe tsaye, ana tsalle, ana rungumar wanda ba a taɓa gani ba. Shekara 32 suna jiran wannan rana, saboda haka har nan ban ga wanda zai ga laifinsu ba.

Amma gab da tashi, sa'ad da Shohei Ohtani, mutumin Japan, gwarzon Dodgers, ya fito yin bugunsa na ƙarshe, sai filin ya ɗauka da murya ɗaya, suna ta nanata masa cewa ba su bukatarsa. Maganar tana da tushe. A watan Disamba 2023 Ohtani yana neman sabuwar ƙungiya, Toronto kuwa tana cikin masu zawarcinsa. Har jita-jita ta bazu cewa yana cikin wani ƙaramin jirgin sama da ya taso daga Kalifoniya, mutane suka wuni suna bin sawun jirgin nan a wayoyinsu. Da jirgin ya sauka sai ga wani ɗan kasuwa ya fito. Kashegari Ohtani ya sanar cewa Dodgers ya zaɓa, a kan dala miliyan 700 cikin shekara 10. Haushin nan ne mutanen Toronto suka haɗiye kusan shekara biyu, suka amayar da shi a daren da suka ga suna gaba da maki bakwai.

Ya ku ɗalibai, da malamai, da iyaye, a kan wannan nake so mu yi tunani tare. Me ya kamata mai goyon baya ya yi ranar da ƙungiyarsa ta yi wa wata dukan kawo wuƙa? Ra'ayina shi ne ya yi murna iyakar ƙarfinsa, kada kuma ya yarda wani ya ce wa 'yan wasansa su sassauta. Amma akwai abu biyu da ratar nan ba ta ba shi ba. Ba ta mai da shi ɗan duba mai sanin gobe ba, ba ta kuma ba shi izinin taka wanda ke ƙasa ba.

Na san yawancinmu ƙwallon ƙafa muka iya, don haka bari in ɗan bayyana yadda besbol yake. Wasa ne da ya yi ƙarfi a Amurka da Kanada da Japan da Koriya ta Kudu da Kuba da wasu ƙasashen yankinta. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum tara a fili, ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaro. Mai jifa yakan tsaya a tsakiya ya jefo ƙwallo, ƙarama ce mai tauri, girmanta kamar lemo, mai bugu kuma ya yi ƙoƙarin make ta da gora. In ya same ta sai ya ruga. Akwai tasha uku a kusurwoyin filin, ta huɗu ita ce inda ya tashi, ita ake ce wa gida. Duk wanda ya kewaya tashoshin nan ya komo gida lafiya, ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Wanda ya buga ƙwallo ta tsallake katangar filin, shi da dukan abokansa da ke tsaye a tashoshi sai su taho gida ba mai tare su. In tashoshin uku a cike suke, bugu ɗaya ya kawo maki huɗu ke nan. Masu tsaro kuwa aikinsu su fid da mutum uku, ko ta cafe ƙwallon kafin ta taɓa ƙasa, ko ta kai ta tasha kafin mai gudu ya isa, ko kuma mai bugu ya kuskure jifa mai kyau sau uku. Da sun fid da uku sai a yi musanya. In kowane gefe ya yi bugu sau ɗaya, an yi turmi ɗaya ke nan, kamar yadda muke faɗa a dambe. Turmi tara ake yi.

Abin da ya fi muhimmanci ga maganarmu shi ne, babu agogo a wasan nan. A ƙwallon ƙafa, wanda ake lallasawa yana da mai ceto, watau usur na minti 90. A besbol usur ba ya ceton kowa. Sai kun fid da mutum uku kafin ku bar tsakiyar fili, ko da rana za ta faɗi a kanku.

To, ta yaya ake kaiwa ga maki 15 ko 20 a wasan da yawanci akan tashi 4 da 3, ko 5 da 2? A nan ne mai goyon baya ya kamata ya buɗe ido. Kowace ƙungiya a babbar gasar Amurka tana buga wasa 162 a shekara, kusan kullum, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Hannun mai jifa kuwa nama ne. Wanda ya fara wasa ya yi jifa wajen 100, sai ya huta kwana huɗu ko biyar kafin ya sake. Saboda haka in koci ya ga an ba shi rata mai nisa, ba ya ɓarnar gwanayensa a kan wasan da ya riga ya tafi. Yakan ajiye su don gobe, ya turo mafi rauni a cikin masu jifansa, ya bar shi yana shan duka. Wani lokaci ma yakan miƙa ƙwallon ga wanda jifa ba aikinsa ba ne sam. Abin ya yi yawa har a 2023 aka tsaurara doka, cewa a cikin turmi tara ɗin ba a yin haka sai in an ba ka ratar maki takwas, ko kuwa kai ne a gaba da goma a turmin ƙarshe. Watau makin farko a hannun gwani aka ƙwace su, na ƙarshen kuwa kusan tsintarsu ake yi.

Ga misali. Ran 22 ga Agusta 2007, Rangers ta Texas ta je Baltimore ta ci Orioles 30 da 3. Tun 1897 ba a ga ƙungiyar da ta ci 30 a wasa ɗaya ba, watau shekara 110. Abin dariya, Baltimore ce ta fara shiga gaba da 3 da nema. Sa'an nan Texas ta ci 5 a turmi na huɗu, 9 a na shida, 10 a na takwas, 6 a na tara. Ku lura, 16 daga cikin 30 ɗin a turmi biyu na ƙarshe suka zo, gama akwai wasa na biyu a daren nan, kocin Baltimore kuwa ba shi da halin ƙarar da masu jifansa. Wanda ya ga 30 da 3 a jarida zai ce ai wannan ƙungiya ba ta da sa'a a duniya. Ina! Kwana uku kafin nan, mai jifa ɗaya a Minnesota, Johan Santana, ya fid da su sau 17 ba su taɓa ƙwallonsa yadda ya kamata ba, aka ci su 1 da nema. A ƙarshen shekarar kuma su ne kurar baya a rukuninsu, sun ci wasa 75, an ci su 87.

Ga kuma wani abin da ya bambanta da ƙwallon ƙafa. Mu mun saba da cewa in ƙungiya biyu suka yi kunnen doki a tebur, akan duba yawan ƙwallayen da kowa ya zura. Teburin besbol ba ya kallon wannan. Wasa nawa ka ci, wasa nawa aka ci ka, shi ke nan. Wanda ya ci 30 da 3 da wanda ya ci 1 da nema, ladansu ɗaya. Maki ba ya kwana, ba a kuwa ɗumama shi da safe.

Ba wanda ya ɗanɗana wannan kamar magoya bayan Yankees ta New York a 1960. A wasannin ƙarshe na cin kofi, waɗanda suke kira World Series, ana buga har wasa bakwai ne, wanda ya riga cin huɗu ya ɗauka. A shekarar nan Yankees ta kara da Pirates ta birnin Pittsburgh. Ta ci su 16 da 3, ta ci su 10 da nema, ta ci su 12 da nema. Duk wanda ya kalli waɗannan uku zai rantse cewa manya ne suke wasa da yara. Amma Pirates ta lallaɓa ta ci 6 da 4, da 3 da 2, da 5 da 2. Aka zo wasa na bakwai ran 13 ga Oktoba, ana 9 da 9 a turmi na tara, sai Bill Mazeroski, wanda an fi saninsa da tsaro fiye da bugu, ya aika da ƙwallo bayan katanga. In an tara duka, Yankees ta ci maki 55, Pirates 27, kofi kuwa ya zauna a Pittsburgh. Bayan 'yan kwanaki aka sallami kocin Yankees, Casey Stengel, yana da shekara 70. An rushe filin da aka yi wasan tun tuni, amma an bar wani ɓangare na katangarsa, kuma ya zama al'ada mutanen Pittsburgh su taru a gindinta ran 13 ga Oktoba su saurari muryar mai sharhin rediyo na ranar nan, tun daga farko har ƙarshe. Wasan da aka ci da maki ɗaya tak suke taruwa dominsa.

Yankees ɗin nan dai ta sake gamuwa da irinta a 2004. Ran 16 ga Oktoba ta je har gidan Red Sox a Boston ta ci su 19 da 8, ya zama ta ci uku a jere, saura ɗaya ta wuce zuwa wasannin ƙarshe. A tarihin gasar ba a taɓa samun wanda ya farfaɗo daga nan ba. Magoya bayan Yankees kuwa sun daɗe da wata al'ada ta tsokana, ta kiran shekarar 1918 da ƙarfi, domin tun daga shekarar nan Boston ba ta ƙara ɗaukar kofi ba. Boston ta ci wasa huɗu da suka rage, na ƙarshen ma 10 da 3 a cikin New York, ta wuce ta ɗauki kofin bayan shekara 86. Daga ranar kiran 1918 ya mutu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kada in yi wa magoya baya rashin adalci, gama ba wauta ce zalla ba a ji daɗin rata. Akwai wani Ba'amurke, Bill James, wanda ya soma wallafa lissafin besbol a 1977 yana aikin gadi da dare a wata masana'antar gwangwanin wake. Shi ya nuna cewa in ka tara dukan makin da ƙungiya ta ci a shekara, ka gwada da wanda aka ci ta, za ka iya kintatar yawan wasannin da ya kamata ta ci, kuma kintacen ba ya yin nisa da gaskiya. Masu bin sawunsa sun ƙara da cewa wasan da aka ci da maki ɗaya, sa'a tana da hannu a ciki ƙwarai, amma ƙungiya mai ƙarfi ita ce ke yawan cin mutane da rata. Na yarda. Sai dai maganar shekara guda suke yi, ta wasa 162. Dare ɗaya bai isa shaida ba, kamar yadda jarrabawar mako ɗaya ba ta isa a ce ga na ɗaya a aji ba.

Yanzu bari in juya ga inda nake bayan magoya baya ɗari bisa ɗari. Akwai wata tsohuwar al'ada a besbol, ba a rubuce take ba, wai in kuna gaba da nisa kuma wasa ya kusa ƙarewa, sai ku rage himma don kada ku kunyata abokan karawa. Ga yadda abin yake. In mai jifa ya kauce sau huɗu, mai bugu yakan wuce tashar farko kyauta. Saboda haka in ya riga ya kauce sau uku a jere, tilas jifa na gaba ya zo a miƙe, mai sauƙin bugu. Dattawan wasan suna cewa rashin kunya ne ka buga irin wannan jifa alhali kun yi wa mutane nisa. Ran 17 ga Agusta 2020, Padres ta San Diego tana gaban Rangers da 10 da 3 a turmi na takwas, tashoshi uku a cike, sai irin wannan jifa ya zo wa Fernando Tatis ƙarami, saurayi ɗan shekara 21 daga Jamhuriyar Dominika. Bai yi wata-wata ba ya make ta bayan katanga. Kocin Texas ya nuna ɓacin ransa, mai jifan da ya shigo bayan haka ya wurga ƙwallo ta bayan mai bugu na gaba, har aka dakatar da shi da kocin. Abin da ya fi ba mutane mamaki, kocin Tatis kansa bai goyi bayansa ba, sai da yaron ya ba da haƙuri a gaban 'yan jarida. A shekarar ba kowa a kujerun kallo saboda annobar korona, amma daga gidajensu magoya baya suka yi ca, har da na wasu ƙungiyoyi, da tsofaffin gwanayen wasan, suna cewa yaron bai yi laifin komai ba. Kuma ku tuna, Rangers ɗin da ke kukan an ci mata fuska ita ce mai 30 da 3.

Magoya bayan nan suna da gaskiya, dalili na farko kuwa shi ne rashin agogon da na ambata. Ran 5 ga Agusta 2001, Mariners ta Seattle tana gaban Cleveland da 14 da 2. Kocin Seattle ya ga wasa ya ƙare, ya zare manyan 'yan wasansa su huta, har da Ichiro Suzuki. Cleveland ta dinga tsinta kaɗan-kaɗan har ta rama, ta ci 15 da 14 a turmi na 11. A shekarar Seattle ta ci wasa 116, daidai da bajintar da Cubs ta Chicago ta kafa tun 1906. Da ba ta saki wancan wasa ba, da ita kaɗai ke riƙe da tarihin. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Wanda ya ga ka faɗi ya soma wasa da kai da hannu ɗaya, yana yi yana duban jama'a, bai girmama ka ba. Ya gaya wa kowa ne cewa ba ka isa ya yi da gaske ba. Ɗan wasan da ya san ciwon kansa ya fi son a doke shi da gaske a kan a tausaya masa a bainar jama'a.

To, yara fa? Nan kam magana ta sauya, amma ba a hannun yaron da ke riƙe da gora gyaran yake ba. Ran 18 ga Yuli 1998, a gasar makarantun sakandare ta jihar Aomori a arewacin Japan, makarantar To-o Gijuku ta ci makarantar Fukaura 122 da nema. Ba kuskuren ɗab'i ba ne. A turmin farko kaɗai an ci 39. Dokar jihar a lokacin ba ta yarda a tsai da wasa don rata ba sai an kai turmi na bakwai, saboda haka yaran Fukaura suka tsaya a rana har aka kai, su kuma na To-o Gijuku ba su sassauta ba. An yi ta muhawara a Japan a kan wanda ya kyauta da wanda bai kyauta ba. A ganina yaran gefe biyun duka sun yi abin da aka aike su. Manya masu rubuta doka su ne suka makara, kuma sun gyara, gama daga 2000 aka daidaita cewa a gasar jihohi a tsai da wasa in rata ta kai 10 bayan turmi biyar, ko 7 bayan turmi bakwai. Gasar ƙananan yara ta Amurka ma tana da irin wannan doka, 15 bayan turmi uku, 10 bayan turmi huɗu. Wani abu kuma da nake sha'awa a wasan makarantun Japan, ko nawa aka tashi, ƙungiyoyin biyu sukan yi layi suna fuskantar juna, su tuɓe hula su rusuna. Wanda ya ci 122 da wanda bai ci ko ɗaya ba, rusunawarsu iri ɗaya ce.

Saura maganar ba'a, ita ce kuwa ta fi damuna. Wani zai ce, Malam, ai tsokana gishirin wasa ce, kuma mutumin da ake biya dala miliyan 700 ba zai kasa barci don an yi masa ihu ba. Gaskiya ne, Ohtani ma da 'yan jarida suka tambaye shi, da raha ya ɗauki abin. Ni ma ba na son filin wasa ya zama kamar ɗakin jarrabawa. Mu da muka tashi cikin wasan taubasai mun san daɗin tsokana. Amma wasan taubasai yana da ƙa'ida: ka faɗa, a faɗa maka, a yi dariya tare, kuma ba a yi wa taubashi wasa ranar da yake cikin baƙin ciki. Tsokanar da aka yi tun ana 0 da 0, mai yinta ya sa wuyansa, gama bai san yadda za a tashi ba. Wadda aka ɓoye sai da aka ga rata ta kai bakwai, saura mutum ɗaya a fid da a tashi, wannan ba jarumtaka a cikinta. Ku da kuke cika bakin fili ranar wasannin gidaje kun san irin bakin da ba ya buɗuwa sai an ci na huɗu.

Ba kuma kowane ɗan wasa ne Ohtani ba. Ran 22 ga Yuli 2022, Blue Jays ɗin nan ta je Boston ta ci Red Sox 28 da 5. A turmi na uku, da almuru, aka buga ƙwallo sama wajen wani matashi mai tsaron tsakiyar fili, Jarren Duran. Ƙwallon ta ɓace masa a sararin sama. Ya tsaya ya ware hannuwa yana nema, ta faɗi can bayansa, kafin a ɗauko ta mutum huɗu sun shiga gida. Hoton tsayuwar nan tasa ya zaga ko'ina, aka mai da shi abin dariya, na Toronto suna yi, na Boston ma ba su bar shi ba. Sai a 2025, cikin wani fim da aka yi a kan ƙungiyar, Duran ya faɗa da bakinsa cewa a shekarun nan da wasa ya ƙi masa, 2021 da 2022, baƙin ciki ya danne shi har ya yi yunƙurin kashe kansa. Ban ce wasan 28 da 5 ne ya jawo ba, shi ma bai ce haka ba. Abin da nake cewa shi ne, cikin dubban da suka yi dariya a daren nan babu wanda ya san abin da saurayin yake ɗauke da shi. Ya rayu, ya nemi taimako, a 2024 ma shi aka zaɓa gwarzon wasan taurari na shekara. Mai ihu daga kujera riga da lamba yake gani, amma akwai ɗan wani a cikin rigar.

Wani abin lura kuma, ba'a tana rage wa mai yinta daɗin nasararsa. A daren 24 ga Oktoba akwai abin yabo da yawa a Toronto. Wani matashi, Addison Barger, ya taso daga benci ya yi bugun nan mai kawo maki huɗu, abin da wanda ya shigo canji bai taɓa yi ba a tarihin wasannin ƙarshe. Sunansa ya kamata ya cika filin har a tashi. Maimakon haka, muryar ƙarshe da duniya ta ji daga Toronto a daren, a kan ɗan wasan wata ƙungiya take. Mutumin da aka zuba masa tuwo da miya mai nama, ya bar ci yana leƙen ƙwaryar maƙwabcinsa, da sauran yunwa a zuciyarsa.

Ga yadda aka ƙare. Kashegari Yoshinobu Yamamoto, wani mutumin Japan ɗin, ya yi jifa tun daga turmin farko har na tara shi kaɗai, Dodgers ta ci 5 da 1. Wasa na uku a Los Angeles sai da aka yi turmi 18 kafin a rabu. Ohtani ya fito bugu sau tara, sau tara ɗin kuwa ya kai tasha, biyu ma bayan katanga ya aika. Sau huɗu kocin Toronto ya ce a bar shi ya wuce tashar farko kyauta, don gudun abin da gorarsa za ta yi. Ba zan ce alhakin ihun nan ne ya kama Toronto ba, ƙwallo ba ta da kunne. Hasali ma sun tashi tsaye suka ci wasa na huɗu da na biyar, na huɗun kuwa Ohtani ne ya fara jifa suka doke shi. Suka komo gida suna bukatar wasa ɗaya cikin biyu. Aka ci su na shida, 3 da 1. A na bakwai, ran 1 ga Nuwamba, suna gaba da 4 da 3 a turmi na tara, saura mutum biyu su fid da su ɗauki kofi, sai Miguel Rojas, wanda ba a lissafa shi cikin manyan masu bugu, ya aika da ƙwallo bayan katanga. A turmi na 11 Will Smith ya ƙara wata, aka tashi 5 da 4, a filin nan dai da aka yi ihun kwana takwas da suka wuce. A wasanni bakwai ɗin Toronto ta ci maki 34, Dodgers 26, kofin kuwa ya koma Los Angeles.